Yadda Kirista Zai Bi da Baƙin Cikin Rabuwa da Masoyi

Rabuwa da wanda ka sa rai za ku yi aure rashi ne da ba a zuwa gaisuwarsa. Ba wanda ya mutu, don haka ba mai zuwa ya zauna da kai. Mutumin yana nan da ransa, wataƙila ma a bencin da ke gabanka ranar Lahadi. Na zauna da 'yan'uwa da dama, maza da mata, a cikin wannan hali, kuma abin da na fi gani shi ne ana gaggauta su. Tun hawaye bai bushe ba an fara ce musu, "Ai dama ba nufin Allah ba ne, ka manta kawai." Makoki aiki ne da ake yi a gaban Allah, wanda kuma ya tsallake shi zai tarar da shi a gaba yana jiransa.

Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, har da ke nake. Maganata a kan saurayi da budurwa ce da masu alkawarin aure. Mutuwar aure tana da nata batutuwan, na 'ya'ya da na shari'a da na ikilisiya, waɗanda sai an zauna da fasto, ko da yake yawancin matakan nan za su yi amfani a can ma.

Abin da za ka tanada

- Littafi Mai Tsarki na takarda. Na waya yana da matsala ɗaya: hotuna da tsofaffin saƙonni suna nan kusa da shi. In na wayar kaɗai gare ka, kashe intanet kafin ka buɗe.
- Littafin rubutu da biro, wanda ba mai karantawa sai kai.
- Mutum ɗaya ko biyu masu riƙe amana, jinsinku ɗaya, waɗanda suka girme ka a bangaskiya. Kada ya zama aminin ku biyu ne, domin za ka sa shi tsaka mai wuya, kuma magana za ta riƙa tsallakawa.
- Kwali ko jaka mai rufewa.
- Minti 20 a kowace rana, a lokaci ɗaya da ba ya canjawa.
- Lambar wanda ya yarda ka kira shi ko da tsakar dare ne. Ka tambaye shi tukuna, kada ka ɗauka ya yarda.

1. Fara da jiki

Mutane suna mamaki in na ce a fara daga nan, amma haka Allah ya fara da Iliya. A 1 Sarakuna 19 annabin ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashe shi ya ci. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi maganar abin da ke damunsa.

A makon farko aikinka ke nan: ka ci wani abu sau uku a rana ko da ba ka jin daɗinsa, ka sha ruwa, ka yi wanka, ka fita ka taka ƙafa na minti 15 ko 20 da rana, ka kwanta a kan lokaci, wayar kuma ta kwana nesa da gado.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya kasa cin abinci don damuwa, sai ya sa wa abin suna azumi. Azumi niyya ce da mai ƙarfi yake ɗauka. Ka bari sai cin abincinka ya dawo daidai, sannan in kana so ka yi. Haka kuma kada ka yanke babbar shawara a makonnin nan: barin aiki, barin ikilisiya, ƙaura, ko rantsuwar ba za ka ƙara aure ba.

In ka ji ciwon ƙirji mai tsanani ko numfashi yana sarƙewa, tafi asibiti. Likitoci a Japan sun bayyana wani ciwo a 1990, ana kiransa takotsubo, inda tsananin tashin hankali yake raunana tsokar zuciya har ya yi kama da bugun zuciya. Ba kasafai yake faruwa ba, an kuma fi ganinsa a mata masu shekaru, amma ba kai ne za ka tantance a ɗaki ba.

2. Rufe ƙofa

Ka ɗibar wa kanka kwana 30 babu kira, babu saƙo, babu leƙen abin da ta ɗora a WhatsApp ko Facebook. Talatin ɗin ba doka ba ce, shawarata ce, domin "har abada" yana da nauyin ɗauka, wata ɗaya kuwa ana iya ƙirga shi. In ya cika ka ƙara wani. Miki ba ya warkewa in kullum ana fama shi, kuma kowane leƙe fami ne.

Kwashe hotuna da wasiƙu da kyaututtuka ka zuba a kwalin, ka rufe, ka kai wa amininka ajiya. Kada ka ƙone komai cikin fushi. Hotunan waya ka tura su wani wuri da ba ka buɗewa, ka goge daga wayar. Abin da ya wajaba a mayar, kamar zobe ko kuɗi ko takardu, a aika ta hannun wani, da wuri, ba tare da doguwar wasiƙa ba.

Mu Kirista muna da dabarun kauce wa wannan mataki da suke kama da ibada. "Aya kawai zan tura mata." "Zan tambaye shi ko yana zuwa sujada." "Bari mu yi addu'a tare sau ɗaya mu rabu lafiya." Ka tambayi kanka ko za ka tura wa wani dabam ayar nan a daren nan. In amsar a'a ce, ba ayar kake son aikawa ba.

In ikilisiyarku ɗaya, ko ƙungiyar mawaƙa ɗaya, ko wurin aiki ɗaya, rufe ƙofa gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Sai ka rage ta: gaisuwa a taƙaice, maganar aiki kaɗai, kada ku keɓe. In ana sujada biyu, koma ɗayar na ɗan lokaci. In kuna hidima ɗaya, gaya wa shugaban ƙungiyar kana neman hutun wata biyu, ba sai ka ba da dogon bayani ba.

Sai kuma bakinka. Matiyu 1:19 ya ce lokacin da Yusufu ya ɗauka Maryamu ta ci amanarsa, ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce don kada ya kunyata ta, kuma Littafi ya kira shi adali. Saboda haka babu habaici a intanet, babu yaɗa hoton hirarku, babu mai da roƙon addu'a a taron zumunta ya zama tonon silili. Wannan bai shafi duka ko barazana ko fyaɗe ba. Irin waɗannan a kai su gaban hukuma da shugabannin da za su kāre ka, ba a rufe su.

3. Yi makokin, da bakinka, a gaban Allah

Nan ne ainihin aikin, nan kuma aka fi gudu. Da yawa daga cikin zabura 150 kuka ne da ƙorafi, kuma an rubuta su don a rera a sujada. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka a bakin kabarin (Yohanna 11:35). Hannatu ta yi addu'a cikin ɗacin rai har Eli firist ya zaci ta bugu ne. Wanda ya ce maka kuka rashin bangaskiya ne, bai karanta littafin da yake riƙe da shi da kyau ba.

Ga yadda za ka yi da minti 20 ɗin. Buɗe Zabura 13. Aya shida ce kawai, kuma kashi uku take. A aya ta 1 da ta 2 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. A ta 3 da ta 4 ya roƙi abin da yake so. A ta 5 da ta 6 ya ce duk da haka ya dogara ga ƙaunar Allah. Karanta ta da murya, sannan ka buɗe littafin rubutunka ka yi taka a kan wannan tsari.

Kashin farko, ƙorafi. Rubuta abin da ka rasa ɗaya bayan ɗaya, kada ka dunƙule shi cikin "na rasa ta". Ka rasa wanda kake kira in wani abu ya faru da rana. Ka rasa gidan da kuka riga kuka gina a baki, da sunayen 'ya'yan da kuka zaɓa. Ka rasa danginta da suka fara ɗaukarka nasu, da shekarun da ka zuba, wataƙila da mutuncinka a idon waɗanda suka ji sanarwa. Kowane ɗaya rashi ne mai zaman kansa, shi ya sa ciwon yake zuwa ta inda ba ka zata ba. In kana fushi da Allah, rubuta. Ya riga ya sani, ɓoyewar ce take raba ku.

Kashi na biyu, roƙo, kuma ya zama na yau kaɗai: barci, ƙarfin zuwa aiki, ikon ƙin ɗaukar waya. In zuciyarka tana so ka roƙi a dawo maka da ita, roƙa, amma ka ƙarasa yadda Yesu ya ƙarasa a Getsamani, a yi nufin Uba. Kashi na uku, jimla ɗaya ta gaskiya game da Allah da za ka iya faɗi ba tare da ƙarya ba. Zabura 34:18 da 147:3 da Makoki 3:22-23 za su ba ka kalmomi in naka sun ƙare.

Wata rana kashi na ukun ba zai fito ba. Kada ka matsa. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyawa zuwa yabo, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. In cin amana ne ya raba ku, Zabura 55:12-14 taka ce: mai zaburar ya ce da maƙiyi ne ya yi masa da ya jure, amma abokinsa ne da suke tafiya Haikali tare.

In ba ka iya rubutu saboda hawaye ko gajiya, faɗa da baki kana tafiya. In ko maganar ba ta fitowa, kunna Zabura ta murya ka zauna ka saurara. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Minti 20 na cika, rufe littafin, wanke fuska, tashi ka kama wani aiki. Iyakar lokacin tana da amfani: tunanin da ya taso da rana kana iya ce masa ya jira lokacinsa.

Wani zai kawo maka zancen matakai biyar na baƙin ciki, wato musu, fushi, ciniki, karaya da karɓa. Likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta tsara su a 1969, daga hirarta da marasa lafiya da ke dab da mutuwa. Suna taimakawa wajen sa wa abin da kake ji suna, amma ba layi ba ne da ake bi a jere. Za ka yi mako kana lafiya, waƙa ɗaya ta mayar da kai baya. Ba ka koma farko ba, haka abin yake tafiya.

4. Bari a ɗauka tare da kai

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara neman laifinsa ne abin ya lalace. Gaya wa amininka abin da kake so a fili: "Ɗan'uwa, yau ba shawara nake nema ba, ka saurare ni ka yi mini addu'a." Ku sa rana ɗaya a mako, kuma ka ba shi izinin tambayarka kai tsaye ko ka kira ta, ko kana cin abinci.

In ba ka da irin wannan mutum, je wurin fasto ko matarsa ko wani dattijon ikilisiya. In akwai dalilin da ya sa ba za ka iya a ikilisiyarku ba, misali 'yar gidan shugaban ce, nemi fasto na wata ikilisiya ko ƙwararren mai ba da shawara.

Masu cewa "Allah zai ba ka wadda ta fi ta" da alheri suke nufi, sai dai Karin Magana 25:20 ta riga ta ce yi wa mai baƙin ciki waƙa kamar tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi. Ce musu "na gode, a ci gaba da addu'a", ka wuce. Ba wanda yake bin ka bashin labari.

Akwai wani ciwo na musamman ga wanda ya tabbata Allah ne ya nuna masa wannan aure, ta mafarki ko annabci ko salama a addu'a. Shi abu biyu ya rushe masa lokaci ɗaya, soyayya da amincewa da jin muryar Allah. In kai ne, ka tuna Bulus ya ce saninmu da annabcinmu duka ba cikakku ba ne (1 Korantiyawa 13:9), ya kuma ce a gwada kome (1 Tasalonikawa 5:21). Mutum yakan ji muryar marmarinsa ya zaci ta Allah ce, ɗaya mutumin kuma yana da 'yancin cewa a'a. Kada ka riƙe annabci kana jiran wanda ya riga ya tafi, balle wanda ya yi aure.

5. Rarraba laifi, amma sai ƙura ta lafa

Bayan mako huɗu ko shida, raba shafi gida uku: nawa, nata, da wanda ba na kowa ba. Gida na uku shi ne nisa, rashin lafiya, ƙin amincewar iyaye, bambancin kira ko na hali. In ka ga gida ɗaya ya cika, sauran babu komai, nuna wa amininka, domin da wuya gaskiya ta zama haka.

Abin da ke gidanka, furta shi ga Allah da sunansa, sau ɗaya. 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara da tsarkakewa, Romawa 8:1 kuma ta ce babu sauran hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ina nanata wannan saboda waɗanda suka kwana da juna kafin aure. Sau da yawa suna ɗaukar rabuwar a matsayin bulalar Allah, ko su ga sun zama ragowa. Tuba ya wajaba, amma an riga an biya a kan gicciye, kuma maimaita furci ɗaya kowane dare ba ya ƙara kome a kan abin da Yesu ya gama.

In ka cuce ta, ka nemi gafara a gajeren saƙo: abin da ka yi, cewa laifi ne, ba tare da "amma ke ma" ba, ba tare da neman amsa ba. Amininka ya karanta kafin ka aika. Wadda aka riƙa duka ko wulaƙantawa kuwa, kada ta rubuta dukan a gidanta. Ba abin da ta yi da ya jawo shi.

6. Gafarta

Na sa shi a nan da gangan. Wanda ya ce "na yafe" a rana ta biyu yawanci bai san girman abin da yake yafewa ba tukuna. Ɗauki gida na biyu na shafin nan, karanta kowane layi a gaban Allah, ka ce ka bar masa ramuwar, kamar yadda Romawa 12:19 ta umarta. Gobe fushin zai dawo. Ka sāke. Ina ganin saba'in sau bakwai da Yesu ya faɗa wa Bitrus a Matiyu 18 yakan ƙare a kan laifi ɗaya tak da yake ta dawowa a zuciya.

Gafara dabam, komawa dabam, amincewa kuma dabam. Yusufu ɗan Yakubu ya gwada 'yan'uwansa a Masar kafin ya bayyana musu kansa. Kana iya yafe wa mutum sarai, lambarsa kuma ta ci gaba da zama a toshe. Ba dole ne ma ka sanar da shi ba, in bai nema ba. Saƙon "na yafe miki" da ƙarfe ɗaya na dare yawanci ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Yi mata addu'ar alheri, jimla ɗaya, ka wuce. In ka ga addu'ar tana zama dogon tunaninta, bar wa amininka ya riƙa yi a madadinka na ɗan lokaci.

7. Cike gurbin lokaci

Duba sa'o'in da soyayyar take ci: hirar dare, yammacin Asabar, bayan tashi daga sujada. Su ne za su fi yi maka nauyi, don haka tun farkon mako ka rubuta abin da za ka yi a kowannensu da wanda za ku yi tare. Nemi tsofaffin abokan da ka yi watsi da su, ka ba su haƙuri. Ɗauki hidima ɗaya ƙarama da take sa ka fita ka taimaki wani, ɗaya kawai, don akwai masu ɓuya a cikin hidima har su faɗi.

Kada ka daina zuwa sujada. Zauna kusa da amininka, in waƙa ta fi ƙarfinka ka yi shiru, sauran su rera. Ranakun da ka san za su yi zafi, kamar ranar haihuwarta ko ranar da aka sa za a yi bikin, shirya musu tun da wuri kada su same ka kai kaɗai. In aka yi sanarwar aurenta da wani, ba zunubi ba ne ka ƙi halarta.

In tunanin "ba mai so na" ya addabe ka, karanta Farawa 29:31-35. Lai'atu ta haifi 'ya'ya uku, kowane suna yana ɗauke da ciwon rashin ƙaunar mijinta ko begen zai juyo gare ta. A na huɗu ta ce wannan karon Ubangiji za ta yaba, ta sa masa Yahuza. Yakubu bai canja a wannan sura ba. Daga zuriyar Yahuzan nan Dawuda ya fito, daga ita kuma Yesu.

8. San lokacin ganin likita

In ka kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, ba ka jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, ba ka iya aiki, kana ganin kanka banza, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Haka in ka koma giya ko ƙwaya don ka samu barci. In tunanin kashe kanka ya zo, kada ka jira mako biyu: kira lambar nan da ka tanada yanzu, kada ka kwana kai kaɗai, ka miƙa wa wani duk abin da za ka iya cutar da kanka da shi, a kai ka asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Addu'a da magani suna tafiya tare.

9. Kafin ka sāke buɗe zuciya

Ba ni da adadin watanni da zan ba ka. Tambayoyi nake yi. Kana iya ba da labarin rabuwar a taƙaice, har da naka laifin, ba tare da murya ta rawa ba? Ka yi makonni ba ka leƙa shafinta ba? In ka hango sabuwar a ranka, ita kake gani, ko fuskar tsohuwar ranar da za ta ji labari? Wanda ya shiga sabuwar soyayya don huce haushi ya jawo baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ta biya bashin wata.

In kuwa tsohuwar ce ta dawo, kada ka ba da amsa a ranar. Ɗauko shafin nan mai gida uku, ku zauna da fasto ko dattijo, a bi layi-layi a ga abin da ya canja a aikace da wanda zai iya shaida canjin. Kewa kaɗai ba ta isa dalilin komawa ba. Ranar wannan zaman ce kuma za ka karɓo kwalin daga wurin amininka, ka buɗe shi yana zaune, ka ware abin da za ka ajiye da wanda za ka bayar.